Ranar da Na Kai Sirrin Safiyanu Zuwa Makarfi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bin labarina. Na san na yi shiru kwana biyu. Ba aiki ne ya riƙe ni ba, hannuna ne ya ƙi. Duk sanda na ɗauki waya zan rubuta, sai in ga ina ta gyara maganar don in fito fes, sai in goge. Yau dai zan faɗe ta yadda ta faru. Sunayen da za ku gani ba na ainihi ba ne, kuma na sauya duk abin da zai sa a gane mai shi.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ku kira ni Mukarrama. 'Yar Ikara ce ni, likita a wani ƙaramin asibiti da ke hanyar Likoro a ƙasar Kudan. Ni kaɗai ce likita a wurin, sai nas biyu da ungozoma. Ina kwana a ɗan ɗakin da aka ba ni a bayan asibitin, ranar Juma'a da yamma in shiga mota in tafi gida. Shekaruna sun doshi talatin, kun kuwa san abin da wannan ke nufi a unguwa irin tamu. Ƙannena mata duk suna ɗakunansu, har da masu goyo na biyu. Akwai lokacin da Inna ta daina zuwa biki, saboda ko ina ta zauna sai wata ta matso ta ce mata, ita likitar taku har yanzu karatun ne?

Ana cikin haka Allah Ya kawo Safiyanu. Motar hayar da na shiga ce ta lalace a hanyar Makarfi, ya tsaya ya kwashe mu, ni da wasu tsofaffi biyu, kuma sai da ya kai kowa ƙofar gidansa. Manomin rake ne, ya yi karatun noma a Zariya, yana da fadama a wajen Malikanchi, nan ƙasarmu ta Ikara, da injin mazarƙwaila. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, irin mutanen da ba sa katse ka in kana zance. In ya daɗe a zaune yakan ɗan ɗingisa kafin ƙafar ta sake. Da na tambaye shi, ya ce wasu shekaru da suka wuce ya faɗo daga saman tirela ana lodin rake, ya bugu a baya da ƙugu, ya yi watanni a kwance, amma yanzu ya warke sarai. Na yarda. Wanda ke son mutum ba ya bincikensa da idon likita.

Bai yi wasa ba, ya turo magabatansa, aka kawo kayan sa rana, aka tsayar da biki bayan an gama yankan rake. Wallahi ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin wannan ba. Ta sa aka yi wa tsakar gidanmu sabon daɓe, aka shafe bango da farar ƙasa. Yaya Bilki, babbar yayata, ita ta karɓi ragamar kayan ɗaki. Ina tsakiyar duba majiyyaci waya za ta yi ƙara, in duba in ga hoton labule kala uku, ruwan zuma da ruwan toka da wani mai zanen ganye, a ƙasa ta rubuta: "Zaɓi ɗaya yanzu-yanzu, ina shagon." Har anko an fitar, atamfa shuɗiya mai ɗigon fari.

To bari in koma wajen aiki, don daga nan abin ya taso.

A asibitinmu akwai wasu majiyyata da suka fi ƙarfina. Manoman da baya ya riƙe, masu sikila, waɗanda suka taɓa karaya a kan babur. Ciwonsu ba ya ƙarewa, kuma da yawansu sun saba da tiramadol ko allurar kashe zafi har ba sa iya yini babu ita. A makaranta an koya mana ciwon da ake yi wa magani ya tafi, ba a zaunar da mu an koya mana wanda ke zama da mutum shekara da shekaru ba. Don haka abu biyu na iya: ko in rubuta don a rabu lafiya, ko in ɗaure fuska in ce ba na ba 'yan shaye-shaye magani. Duk wanda na yi, da shi nake kwana a rai.

Wata likita ce a Makarfi, Dakta Ummuhani, ta tara mu. Ta haura hamsin, gajera ce mai jiki, kullum da farin gilashi da baƙin hijabi, ta daɗe tana wannan aikin. Ta ce tunda ƙwararrun fannin suna can Zariya da Kaduna, mu da ke ƙauyuka sai mu riƙe juna. Ta haɗa likitocin Ikara da Makarfi da Kudan a guruf ɗaya na waya, kowane ƙarami aka haɗa shi da babba wanda zai riƙa kira in ya rasa yadda zai yi. Ni aka ba ni ita, ina kiranta Anti. Sau ɗaya a wata, ranar Asabar, muna haɗuwa a wani ɗaki a asibitin da take aiki, kowa ya kawo matsalar da ta gagare shi, ba a faɗar sunan majiyyaci.

A hannunta na koyi cewa mutum zai iya kasancewa da ciwo na gaske kuma maganin ya kama shi, duka biyu a lokaci ɗaya, ba sai ɗaya ya zama ƙarya ba. Na koyi ba a yanke wa mutum magani rana ɗaya, a hankali ake ragewa, ana haɗawa da gashin ƙashi da motsa jiki da yawan zama ana sauraronsa. Na koyi alamun wanda maganin ya sake shi yana neman wani: hamma, gumi, majina, hawaye ba kuka ba, kasa zama wuri ɗaya. Na ji daɗin wannan ilimi ƙwarai. Ban san a kan tabarmar gidanmu zan fara ganinsa sosai ba.

Wata Lahadi ce bayan la'asar. Na sa doguwar riga ruwan goro da mayafi mai duhu, na shimfiɗa mana darduma a soro, na kawo kunun aya mai sanyi da soyayyen dankali. Safiyanu ya zo daga gona kai tsaye, ya ce motarsa ta maƙale a laka tun hantsi, shi ya sa ya makara. Yana sanye da shadda fara mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Muna hirar fentin gidan da ya gina, sai na ga yana ta hamma. Ya share hanci, ya share ido, ya gyara zama, ya sake gyarawa. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Ya ce mura ce ke son kama shi, bari ya ɗauko abu a mota. Ya ɗan jima. Da ya dawo sai ga shi garau, har da zolayata wai na cika sukari a kunu.

Alamun nan ne da Anti ta koya mana. Na ce a raina, Mukarrama, kin cika zargi, aiki ya bi ki gida. Amma da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun rigar ya ja baya, na ga tabo baƙaƙe a jere, wasu sun warke wasu sababbi.

Ban san sanda na fara jero masa tambayoyi ba, irin waɗanda Anti ta koya mana. Yaya barcinsa, ciwon bayan yana tashinsa, me yake sha in ya tashi. Yana amsawa a taƙaice, can sai ya ajiye kofin.

"Mukarrama, hira muke yi ko duba ni kike?"

Na ce, "Na ga hannunka."

Ya sauke hannun rigar ya rufe tabon. Sannan ya faɗa min komai, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji daga cikin gida. Bayan nan bai taɓa warkewa ba. Tun yana kwance aka fara ba shi tiramadol, da aka sallame shi ya ci gaba da saye a kemis, ɗaya ta koma biyu, biyu ta daina yi masa komai, wani ya nuna masa allura. Ya ce ya sha gwada dainawa, ya kulle kansa a ɗakin gona, amma sai ya ji kamar ana zare masa ƙasusuwa. Mahaifiyarsa ba ta sani ba, abokansa ba su sani ba. Ya ce sau da yawa ya zo da niyyar gaya min, in ya ga fuskata sai ya kasa.

Daga nan ya roƙe ni abu biyu. Na farko in riƙa rubuta masa da kaina, ya daina a hannuna a hankali, ba wanda ya ji. Na ce wannan ba zan iya ba, kuma bai ja ba. Na biyun shi ne wanda ya riƙe.

"Duk duniya ke kaɗai na gaya wa. Amana ce na ba ki. Ko Inna, ko Yaya Bilki, ko kowa."

Na ce, "Na karɓa."

'Yan uwa, da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa min.

Satin nan ban san yadda na yi aiki ba. In ya turo saƙo da safe, "Amarya an tashi lafiya?", sai in tsaya ina lissafin ko ya yi allurar ne ya sa yake cikin nishaɗi. In ya yi shiru, in ce ko yana can a sheme. Na san yawan abin da yake sha zai iya jefa mutum cikin jijjiga, ga shi yana tuƙi a manyan hanyoyi. Ga Yaya Bilki da hotunan tukwane. Ga Inna tana kira ta ce in zo a gwada ɗinki. Na rasa wanda zan gaya wa, kuma wuri ɗaya na sani da ake kai irin wannan nauyin a sauke.

Asabar ɗin taronmu ta zo. Na shirya cikin atamfa kore da farin hijabi, na hau mota zuwa Makarfi ina gaya wa kaina ai ba suna zan faɗa ba, shawara kawai zan nema, kuma don shi zan yi. Mun kai mu goma a ɗakin, ana shan shayi da ƙosai, fanka tana juyawa a hankali. Wani ya kawo labarin mai sikila, aka tattauna. Da aka zo kaina na ce ina da wani majiyyaci, matashi mai sana'a, ya faɗo daga saman tirelar rake shekarun baya, ya bugu a baya da ƙugu, yanzu allura ta kama shi, ga shi an sa masa rana, yana tsoron kada dangin matar su ji.

Ban kai ƙarshe ba Anti ta ɗaga hannu. Ta ce wannan matsalar tana da tsawo, ita da ni za mu zauna a kanta daga baya, a wuce ta gaba. Na ɗaga ido na ga Dakta Yahuza, wani likita daga Ikara, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. A lokacin na tuna matarsa 'yar unguwar su Safiyanu ce. Mutum nawa ne a ƙasar Ikara suka faɗo daga tirelar rake kuma aka sa musu rana a bana? Kowa a ɗakin ya ci alawar sa ranata.

Da aka watse ta ja ni ofishinta ta rufe ƙofa. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta cire gilashi ta ajiye, ta ce, "Ƙanwata, wannan ba majiyyacinki ba ne."

Sai kuka. Ta bar ni na yi mai isata, ta miƙo min ruwa. Ta ce ita ma da laifinta, tunda ta tara mu ba ta taɓa gaya mana cewa abin da ya shafi na jikinka ba a kawo shi cikin taro ba, waya ake ɗauka a kira mutum ɗaya. Ta ce na yi daidai da na ƙi rubuta masa, domin ba zan iya zama likitarsa kuma matarsa ba. In na rage masa magani zai ga rashin tausayi, in na ƙara masa na cuce shi. Ta ce irin ciwonsa ana samun sauƙi, ta ga waɗanda suka fi shi nisa sun dawo, kuma ƙofarta a buɗe take in ya yarda ya zo da ƙafarsa. Za ta ja kunnen duk wanda ya zauna a ɗakin. Sannan ta riƙe hannuna.

"Amma yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki gaya masa kin faɗa. Ya ji daga bakinki."

Na ce to. Na fito da niyyar yi. A mota na rubuta saƙo na goge. Na isa gida na ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ya zo gobe. Da goben ta yi ya kira ya ce zai bi lodi Kano, sai wani satin. Na ji wani sanyi a raina, wai na samu lokacin shirya kalamai. Wannan jinkirin shi ya fi komai ci min rai yanzu. Abin da na yi a taro ruɗewa ce da tsoro. Shirun da na yi bayansa kuwa, da hankalina na yi shi.

Ranar Juma'a ina haɗa jaka zan taho gida, saƙonsa ya shigo.

"Na haɗu da Dakta Yahuza a masallaci."

Shi ke nan abin da ya rubuta. Na kira, sai a karo na uku ya ɗauka. Ya ce bayan an idar da salla mutumin ya ja shi gefe, ya riƙe hannunsa da mutunci, ya ce in yana bukatar taimako a kan maganin nan kada ya ji kunya, su 'yan uwa ne. Na san Dakta Yahuza, ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa ya kasa riƙe bakinsa. Amma Safiyanu ya ce a wurin ji ya yi kamar an tuɓe shi a tsakiyar sahu.

Na fara bayani, ban faɗi suna ba, taron likitoci ne, don in taimake ka ne. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya saba.

"Mutum nawa ne a ɗakin?"

Na koma kan bayanin da na riga na yi.

"Mukarrama, mutum nawa?"

"Mun kai goma."

Na ji ya ja numfashi. Ya ce, "Da kin ce min ba za ki iya riƙewa ba, da na gane. Cewa kika yi kin karɓa." Ya yi min sallama cikin ladabi ya kashe.

Daga ranar ya ɗauke ƙafa. Na tura saƙon ban haƙuri, na tura na murya ina kuka, na tura masa lambar Anti. Ina ganin alamar ya buɗe, ba amsa.

A gida kuwa wuta ta kama. Lahadi ta zo ba Safiyanu, wata ta sake zuwa ba shi. Inna tana zaune a gindin mangwaro tana tsinke zogale, ta kira ni ta ce in zauna. Ta tambaye ni me na yi wa yaron nan. Na ce saɓani ne kaɗan. Ta ce wane irin saɓani ne zai hana mutum ko gaisuwa, alhali har mahaifiyarsa ta aiko tana tambaya ko lafiya, wai ya rame ya daina cin abinci. Yaya Bilki ta zo takanas daga gidanta, ko mayafi ba ta cire ba ta hau ni. Ta ce ta san halina, tun ina ƙarama bakina ba ya da linzami, yanzu kuma an zama likita ana ganin manomi bai kai ba. Ta ce in na kori wannan, in shirya zama da allura da sirinji har tsufa. Inna ta juya baya tana share ido da bakin zani, ta ce ita kam ta riga ta gaya wa duniya.

Kalma ɗaya zan faɗa duk su koma bayana. In na ce allura yake yi, Yaya Bilki da kanta za ta kwashe kayan sa rana ta mayar. Na ji maganar ta zo min har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na riga na zubar sau ɗaya, ba zan sake ba, ko da kuwa za a ce ni ce mai girman kai har abada. Da Baba ya kira ni ɗakinsa ya tambaya, na durƙusa na ce laifina ne, na ɓata masa rai, ina roƙon a ɗan ɗaga bikin. Ya dube ni, ya ce in tashi in je.

Anti ce kaɗai nake kira. Ba ta taɓa ƙin ɗauka ba, ko tana tsakiyar aiki za ta ce in ba ta minti kaɗan. Ta sa na rage ganin masu irin wannan matsalar na ɗan lokaci, ta ce hankalina ba a kwance yake ba, in turo mata su ko in kira ta kafin in yanke shawara. Wata rana na kasa daurewa na tambaye ta ko ya neme ta.

Ta ce, "Ko ya zo ko bai zo ba, ba za ki ji daga bakina ba. In na gaya miki, me ya raba ni da abin da ya kawo mu nan?"

Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba. Daga baya na gane abin da ya kamata in yi masa ne take yi.

Allah da ikonSa, wata Laraba na je Makarfi karɓo magungunan asibitinmu. Mai keken da na hau ya bi ta gaban asibitin Anti, sai ga motar Safiyanu a gindin darbejiya, farar nan mai buɗaɗɗen baya, da ɓawon rake a ciki. Na ce wa mai keke ya tsaya. Na zauna ina kallon motar, ban sauka ba. Na yi hamdala har hawaye suka zubo, domin ya zo inda za a taimake shi. Kuma na san ya zo ne shi kaɗai, ya zauna a kan benci cikin layi, ba ni a gefensa, alhali da na bi a hankali wataƙila tare za mu shigo ta ƙofar nan. Mai keke ya waigo ya ce Hajiya a nan ne? Na ce a'a, mu je.

Asabar ɗin da ta wuce, da hantsi, ina wanke wa Inna kayan miya aka yi sallama. Baffa Lawal ne, ƙanin mahaifin Safiyanu, wanda ya nema masa aurena, tare da shi Safiyanun. Suka shiga wurin Baba. Inna ta kasa zama, ta ɗora ruwan shayi ta sauke, ta sake ɗorawa. Can Baba ya aiko a kira ni. Ya ce ya san ba a saba kiran yarinya cikin irin wannan zama ba, amma maganar ba ta yiwuwa sai da ni.

Na zura dogon hijabi na shiga, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe su. Safiyanu yana zaune a ƙasa kusa da ƙafar Baffansa. Ya rame, wuyansa ya fito, shaddar ta yi masa yawa, amma idonsa a buɗe yake tar. Bai dube ni ba.

Baba ya ce wa Safiyanu ya maimaita abin da ya faɗa. Ya maimaita, bai rage komai ba. Faɗuwar, ƙwayar, allurar, shekarun da ya yi yana ɓoyewa. Ya ce yanzu yana hannun wata likita a Makarfi, ana rage masa a hankali, ana yi masa gashi, wasu ranakun da sauƙi wasu ba sauƙi, kuma an gaya masa hanyar da tsawo. Ya ce ya ji ana ɗora min laifi a gida, shi ya sa ya ga bai kamata ya bar ni ina ɗaukar abin da ba nawa ba. Bai ambaci taron Makarfi ba. Ko da kalma ɗaya bai tona ni ba.

Baba ya juyo. "Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"Shi ne kika bar uwarki tana kuka, kika ce laifinki ne?"

Na ce, "Akwai nawa laifin, Baba. Ya ba ni amana na kai ta inda bai ce ba."

Baffa Lawal ya yi gyaran murya, ya ce su dai sun zo da gaskiyarsu, in an ce a mayar musu da kayansu ba za su ga laifin kowa ba. Baba ya ce shi ba ya mayar da kayan mutumin da ya zo ya faɗi aibinsa da bakinsa, amma kuma ba zai ɗaura aure a kan rufa-rufa ba. Ya ce ranar da aka sa an ɗage ta. Sannan ya tambaye ni ko har yanzu ina son abina, in faɗa ba kunya.

Na buɗe baki, sai Safiyanu ya riga ni.

"Baba, a gafarce ni. Kafin ta amsa, ni ma ban san tawa amsar ba. Maganin nan, da yardar Allah zan rabu da shi. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya sake gaya mata abin da ke cikina."

Ya faɗe ta a hankali, ba fushi a ciki, kuma hakan ya fi yanka ni. Baba ya gyaɗa kai. Ya ce to kowa ya je ya yi istihara, ya ba mu zuwa ƙarshen wata, ni da shi kowa ya kawo masa amsarsa daban, kada wani ya ji ta wani.

Suka tashi. Na matsa gefe don su wuce. Baffa Lawal ya sa min albarka ya fita. Safiyanu ya tsaya sa takalmi, yana dafe da bango saboda ƙugun. Na matso kaɗan, na ce masa a hankali yaya jikin. Ya ɗago, karon farko da idonmu ya haɗu tun ranar kunun aya.

"Da sauƙi, Dakta. Na gode."

'Yan uwa, tunda muka haɗu a hanyar Makarfi, mutumin nan bai taɓa kirana Dakta ba sai ranar.

Amsata tana nan a bakina, tun kafin Baba ya tambaya na san ta. Tasa ce ban sani ba, kuma wata ya riga ya raba.